Yadda Ake Duba Wanda Ake Zargin Shanyewar Ɓarin Jiki Ta Same Shi, Daga Bakin Ƙofa Zuwa Ɗakin Hoto

Wannan bayani na nas-nas ne da mataimakan likita da ɗalibai masu aiki a ƙananan asibitocin unguwanninmu na Kumasi, irin su Aboabo, Asawase, Sabon Zongo da Tafo, inda sau da yawa kai ne ma'aikaci na farko da zai ɗora ido a kan marar lafiya. Mai jinya a gida ma zai tsinci abin da zai amfane shi.

Shanyewar ɓarin jiki iri biyu ce. Ko gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko jijiyar ta fashe jini ya zuba a ciki. A Turai da Amurka toshewa ce ta fi yawa nesa ba kusa ba, fashewa ba ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. A nan ba haka ba ne. Binciken SIREN, wanda aka yi a asibitocin Gana da Najeriya, har da na Kumasi da Accra da Kano da Zariya, aka kuma wallafa a 2018, ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku fashewa ce, kuma hawan jini ne ummul haba'isi. Maganin toshewa yana iya kashe mai fashewa, kuma babu likitan da zai rantse da wace iri ce da ido kawai. Saboda haka aikinka ba shi ne ka yi hasashe ba. Aikinka ka tsare ransa, ka kama lokacin da abin ya fara, ka kawar da abubuwan da ke kama da ita, ka kai shi hoton CT, wato hoton na'ura da ke nuna cikin kai. An ƙiyasta cewa idan babbar jijiya ta toshe, ƙwaƙwalwa na asarar ƙwayoyi kimanin miliyan 1.9 a kowane minti, don haka duk abin da ke tafe a ƙasa aikin minti goma zuwa sha biyar ne, ba na awa ba.

Mataki na farko: numfashi, sannan suga

Kafin komai dubi hanyar numfashinsa. Idan yana minshari ko yawu na taruwa a bakinsa, kwantar da shi a gefe, ka zuƙe abin da ke bakin, ka cire haƙoran roba in yana da su, da ragowar goro. Maƙala masa na'urar awon iska a yatsa. Idan ta kai kashi 94 cikin ɗari zuwa sama bar shi, ba ya buƙatar iskar oksijin. In ta gaza haka, sa masa. Auna hawan jini, bugun zuciya da zafin jiki. Riƙe jijiyar wuyan hannu da yatsunka na rabin minti, kada ka dogara ga lambar na'ura kaɗai, domin bugun da ke zuwa ba tsari yana nuna zuciya na iya zama ita ce ta harbo gudan jinin.

Auna hayyacinsa da ma'aunin Glasgow, wanda cikakken makinsa 15 ne: buɗe ido 4, magana 5, motsi 6. Wanda ya faɗo 8 ko ƙasa ba zai iya tsare maƙogwaronsa ba, nemi taimako nan take.

Sai ka soki yatsa ka auna suga. Wannan ba ya jiran tarihi, ba ya jiran kati, ba ya jiran kuɗi. Faɗuwar suga tana karkata baki, tana kashe hannu ɗaya, tana rikita magana, daidai da shanyewar ɓarin jiki. Idan ka ga ƙasa da 4 (mmol/L), ba shi gulukos ta jijiya bisa ƙa'idar asibitinku, ka sake duba shi bayan minti goma. A watan azumi ka ƙara sa ido: tsohon da ya sha ƙwayar suga da sahur ya ɗauki azumi, wajen la'asar ake kawo shi a sheme. Idan ƙwayar suga ta glibenclamide yake sha, kada farfaɗowarsa ta ruɗe ka ka sallame shi, ƙwayar tana daɗewa a jiki, sugan zai sake faɗuwa. In kuma suga ya dawo daidai amma hannun bai dawo ba, ci gaba da ɗaukarsa a matsayin mai shanyewar ɓarin jiki.

Mataki na biyu: yaushe aka gan shi lafiya ƙalau?

Nan ne aka fi yin sakaci, nan ne kuma komai ya rataya. Allurar narkar da gudan jini, alteplase, ana yin ta ne cikin awa huɗu da rabi daga farawar ciwo. Ciro gudan da waya ta cikin jijiya yana kaiwa awa 6, a wasu zaɓaɓɓun marasa lafiya har awa 24. Ba kowane asibiti ke da waɗannan ba, kuma kuɗinsu ba kaɗan ba ne, amma likitan da za ka tura wa ba zai ko yi tunaninsu ba idan takardarka ta ce "tun da safe" kawai.

Kada ka tambaya, "Yaushe ya faɗi?" Za a gaya maka lokacin da aka tarar da shi, ba lokacin da abin ya same shi ba. Tambaya, "Wa ya gan shi na ƙarshe yana lafiya, yana magana, yana tafiya da ƙafarsa?" Idan yana barci ya farka da ciwon, lokacin da ake ƙirgawa shi ne lokacin da ya kwanta, sai fa in ya tashi da dare wani ya gan shi garau.

Mutanenmu ba su cika duba agogo ba, amma salla ba ta ɓace musu. A Kumasi lokutan salla ba sa motsi sosai duk shekara, asuba wajen ƙarfe 5, magariba wajen ƙarfe 6. Yi amfani da wannan.

"Hajiya, Alhaji ya fita asuba?"
"Ya fita, ya dawo ma ya sha koko."
"Da hannunsa ya riƙe kofin?"
"Da hannunsa."
"To azahar fa?"
"Ai da zai yi alwalar azahar ne buta ta kuɓuce masa, muka ji ƙara."

Ka ga, ka samu abu biyu: da safe lafiyarsa lau, kuma an ji faɗuwar butar kafin azahar. Sai ka cike tsakani: wa ya yi magana da shi da hantsi? Duba wayarsa, kiran ƙarshe da ya amsa ko saƙon murya da ya tura a WhatsApp yana ɗauke da minti, kuma kana iya saurara ka ji ko maganar ta riga ta lanƙwashe. Idan daga kasuwar Kejetia aka ɗauko shi, maƙwabcinsa na rumfa shi ne shaida, ba ɗan da ya iske su a asibiti ba. Karɓi lambarsa ka kira. Rubuta lokacin da lambobi a saman takarda.

Sauran tarihin a gurguje: farat ɗaya ya zo ko a hankali cikin kwanaki? Shanyewar ɓarin jiki farat ɗaya take zuwa. Akwai ciwon kai mai tsanani, amai, jijjiga, faɗuwa da buga kai cikin makonnin nan? Yana da hawan jini, ciwon suga, ciwon zuciya, sikila? Ya taɓa irin wannan? An yi masa tiyata kwanan nan ko ya zubar da jini? Mace ce mai ciki ko mai jego? A kawo maka ledar magungunansa ka gani da idonka, musamman masu tsinka jini irin su warfarin da rivaroxaban. Tambayi na gargajiya ma, ba da sigar zargi ba. In ka ɗaure fuska ba za a faɗa maka ba. Kuma idan an ce "yana shan maganin hawan jini," tambayi yaushe ya sha na ƙarshe. Da yawa suna ajiyewa da zarar sun ji sauƙi.

Mataki na uku: gwajin jiki

Fara da fuska. "Baba, ku yi murmushi, ku nuna mini haƙoranku." Dubi kusurwar baki da layin da ya sauko daga hanci. Sai ka ce ya ɗaga gira, ya runtse ido da ƙarfi. A shanyewar ɓarin jiki yawanci ƙasan fuska ne ke sakewa, goshi yana tattarewa duka gefe biyu. Idan gefe guda ya mutu gaba ɗaya, goshi ba ya motsi, ido ba ya rufuwa, kuma hannu da ƙafa da magana da tafiya lafiya lau, ya fi kama da ciwon jijiyar fuska da ake kira na Bell. Amma sai ka tabbatar sauran jikin lafiya yake kafin ka faɗi haka.

Hannu: ya miƙa duka biyu gaba, tafin yana kallon sama, ido a rufe, ka ƙirga goma. Hannun da ya raunana zai riƙa sauka yana juyawa ciki. Wannan gwaji ya fi "matse mini yatsa" kama raunin da bai yi yawa ba. Ƙafa: yana kwance ya ɗaga kowace ɗaya, ka ƙirga biyar. Idan ba ya cikin hayyacinsa, ɗaga hannayen ka sake su, mataccen zai faɗi yaraf. Taɓa fuska, hannu da ƙafa gefe-gefe ka tambaya ko ji ɗaya ne.

Ido yana faɗin abu da yawa. Idan idanun biyu sun kafe suna kallon gefe guda, sun juya wa ɓarin da ya mutu baya, babban sashe ne na ƙwaƙwalwa ya taɓu. Tsaya gabansa ka motsa yatsu ta gefen dama da hagu ka ga ko rabin ganinsa ya tafi. Haska ƙwayar ido: idan ɗaya ta buɗe ta ƙi tsukewa, hayyaci kuma yana raguwa, ƙwaƙwalwa ce ke matsewa, wannan na likitan tiyatar kai ne yanzu-yanzu. Akwai kuma wanda ɓarin hagunsa ya mutu amma ya ce maka lafiyarsa ƙalau, ka nuna masa hannunsa ya ce ba nasa ba ne. Ba taurin kai ba ne, ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa ne ya lalace.

Magana kuwa, gwada ta da harshen da mutum yake mafarki da shi. A asibitocin Kumasi Turanci da Twi ake ji, kuma tsohuwar da ta yi rayuwarta a zango tana iya yin shiru don ba ta gane tambayar ba, a rubuta cewa magana ta ɗauke. Akasin haka ya fi haɗari: tana ta zuba Hausa marar kan gado, ma'aikacin da ba ya jin Hausa ya ɗauka lafiya take. Idan kana jin harshen, kai ne ya kamata ka yi wannan gwajin. Idan kuma marar lafiyan Dagbani ko Mossi ko Fulatanci ne harshensa, nemi ɗan'uwa, ka gaya masa ya maimaita maka abin da ya ji kalma da kalma, kada ya gyara, domin 'ya'ya sukan cike wa iyaye magana don kunya.

Rarrabe abu biyu. Akwai wanda kalmominsa daidai ne amma harshe ya yi nauyi kamar mai magana da abinci a baki. Akwai wanda kalmomin ne suka ɓace ko suka cakuɗe. Nuna masa cokali, agogo, carbi, ya faɗi sunansu. Ba shi umarni ba tare da ka nuna da hannu ba: "Mma, ku rufe ido. Ku taɓa kunnenku." Sa ya maimaita jimla gajera. Kada ka ce ya karanta Fatiha ka ɗauka ka gama gwaji. Abin da aka haddace tun yarinta yana iya fitowa sumul a bakin wanda ba zai iya faɗin sunan ɗansa ba. Ɓacewar kalmomi tare da mutuwar ɓarin dama na nuna ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa. Irin wannan ne dangi suke cewa ya zare ko iska ta shafe shi, a wuce da shi wajen malam.

Idan an koya maka ma'aunin NIHSS na tsananin shanyewar ɓarin jiki, wanda ke tashi daga 0 zuwa 42, cika shi, yana taimakon na gaba ya san ko ciwon gaba yake yi ko baya.

Kada ka manta ƙeya

Jijiyoyin bayan kai suna ciyar da sashen da ke riƙe daidaito, gani da haɗiya. Idan su suka toshe, fuska da hannu suna iya zama lafiya. Mutum zai zo da jiri na farat ɗaya, amai, ganin abu biyu-biyu, tangaɗi, shaƙewar murya, ko shaƙuwa da ta ƙi tsayawa. Mai hawan jini ɗan shekara sittin da ya zo da wannan, kada a ce maleriya ce a rataya masa ruwa. Sa ya taɓa hancinsa sannan yatsanka, ka zaunar da shi ba jingina, in zai iya ka tsayar da shi. Wanda ya kasa zama ko tsayuwa shi kaɗai, a ɗauke shi da muhimmanci. Haka ma ciwon kai da ya sauko lokaci guda, mai shi ya ce bai taɓa jin irinsa ba, wuya ya sanƙare: zubar jini ce a kewayen ƙwaƙwalwa har sai hoto ya ƙaryata.

Mataki na huɗu: abubuwan da ke shigar burtu

Bayan suga, sai farfaɗiya: wanda ya yi jijjiga yana iya tashi da mataccen ɓari na 'yan awanni sannan ya warware. Duba cizon harshe da fitsari a wando, amma ka sani ita kanta zubar jini tana kawo jijjiga. Zazzaɓi da sanƙarewar wuya, tuna sanƙarau. Yi gwajin maleriya idan akwai zazzaɓi, sai dai a garin nan gwajin na iya nuna akwai a jikin wanda ciwonsa na ainihi daban ne. Tsohon da ya faɗi a bayi makonni uku da suka wuce, ya fara rikicewa a hankali, jini ne mai yiwuwa ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kai, kuma tiyata tana warkar da shi. Rauni da ke ƙaruwa cikin makonni, ƙari ko maruru a ƙwaƙwalwa, musamman ga mai cutar ƙanjamau. Yaro ko matashi mai sikila da hannu ya mutu masa, shanyewar ɓarin jiki ce ta gaske, maganinta canjin jini cikin gaggawa. Mai jego da ciwon kai da jijjiga, auna hawan jini da furotin a fitsari, ka kuma tuna toshewar jijiyoyin da ke fitar da jini daga kai. Kusan dukkan waɗannan ma hoto suke buƙata, don haka kokwanto ba dalilin riƙe marar lafiya ba ne.

Mataki na biyar: abin da za ka kame hannunka daga yi

Kada ka ba da asfirin kafin hoto. Siririn ciwon kai ko rashin amai ba hujja ba ne cewa babu zubar jini, kuma lissafin maki na gefen gado da ake koyarwa don rarrabe iri biyun bai kai a dogara da shi ba.

Kada ka rugo da hawan jini ƙasa. Za ka ga 190 ko 200 gabanka ya faɗi, dangi ma su matsa. A toshewa, wannan hawan ne ke tura jini zuwa sashen da bai gama mutuwa ba, kuma ƙa'ida ita ce a bar shi sai ya haura 220 bisa 120, sai fa in za a yi allurar narkarwa, inda ake son ya sauko ƙasa da 185 bisa 110. A fashewa ne ake sauke na sama zuwa wajen 140, a hankali, da allura ta jijiya irin labetalol. Tunda ba ka san wanne ke gabanka ba, fasa ƙwayar hawan jini ta nifedipine a ƙarƙashin harshe ganganci ne.

Kada komai ya shiga baki, ko ruwa, ko koko, ko ƙwaya, ko rubutu, sai an gwada haɗiya. Abin da ya sarƙe ya gangara huhu yana kawo ciwon huhu, wanda ke kashe da yawa daga waɗanda suka tsallake kwanakin farko. Faɗa wa dangi da ladabi: "Alhaji, addu'a ku ci gaba da yi, tofi ma ku yi, amma sha a dakata, maƙogwaron ba ya riƙewa yanzu." Gwajin sai ya farka sosai yana zaune tsaye: ƙaramin cokali na ruwa, a saurari tari ko muryar da ta jiƙe. In an ji, a tsaya. Ruwan da za ka rataya na gishiri ne, ba na suga ba, sai in sugan ne ya faɗi.

Mataki na shida: hoto

Gani ya kori ji. CT na kai ba tare da allurar rini ba shi ne gwajin farko, kuma a asibitin da ya shirya ana son a yi shi cikin minti 20 zuwa 25 da isowa. Sabon jini fari tas yake fitowa. Toshewa kuwa a awannin farko sau da yawa ba ta bayyana, hoton ya fito kamar na mai lafiya. Wannan yana rikita dangin da suka haɗa kuɗi da ƙyar, su ce an ce ba komai. Yi musu bayani tun kafin a shiga: ana neman a ga ko akwai jini ne, rashinsa shi ke buɗe ƙofar magani. MRI, wani nau'in hoton na daban, ya fi kama ƙaramar toshewa da ta ƙeya, amma ya fi tsada da ɗaukar lokaci. Idan hoto ya nuna ba jini kuma ba za a yi allurar narkarwa ba, a nan ne asfirin miligiram 300 ke shigowa, ta baki idan haɗiya lafiya, ko ta bututun hanci.

Ɗebi jini tun lokacin da kake sa allurar ruwa: ƙidayar jini, aikin ƙoda da gishirin jiki, daskarewar jini, kitse, gwajin sikila ga matasa, na ƙanjamau da izini. Yi ECG, gwajin zuciya da na'ura, don neman bugun zuciya marar tsari. Ko ɗaya daga cikin waɗannan kada ya tsayar da tafiya hoto.

Turawa

Idan asibitinku ba CT, kada ka kwantar da shi "a ga yadda zai kwana." A Kumasi babban wurin turawa shi ne sashen gaggawa na Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, a Accra, Korle Bu na da sashe na musamman na masu wannan ciwo tun 2014. Kira kafin a tashi, a san da zuwanku, a kuma tabbatar hoton zai samu. Motar asibiti ta ƙasa ana samunta a 112. In dole sai tasi, a kwantar da shi a gefe a kujerar baya da wani riƙe da kansa. Pragya, wato keke mai ƙafa uku, ba wurin wanda ba ya iya zama ba ne. Wanda ya ga farawar ciwon ya bi su, da ledar magunguna da katin inshorar lafiya. A takardar rubuta lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, suga, hawan jini da lokacin awo, makin Glasgow, ɓarin da ya mutu, harshen da aka gwada maganarsa da shi, abin da ka ba shi da abin da ba ka ba shi ba.

Saura wanda kafin ka gama rubutu hannunsa ya dawo, bakinsa ya miƙe, yana neman takalminsa zai tafi gida. Toshewa ce ta ɗan lokaci, kuma haɗarin babbar ya fi yawa cikin kwana biyun farko. Shi ma a tura shi likita ya gan shi cikin awa 24, da hoto da ECG, kuma kada ya tuƙa mota ko babur da kansa zuwa can.